Jarumin da ya diro daga kan dutse ya karkaɗe rigarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ta daɗe tana raba kan masu buga wasannin labari na kan tebur. Ga wanda bai san su ba, wasanni ne da mutum huɗu ko biyar ke zama a kewayen tebur da takarda da fensir da ƙwayoyin lido masu fuskoki daban-daban, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, mutum ɗaya kuma ya zama alƙali mai jan labarin, shi ne ke faɗin abin da jaruman suka tarar da kuma abin da ya biyo bayan abin da suka aikata. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Muhawarar kuwa a kan makin rai take, wato lambar nan da ake rubutawa a takardar jarumi, wadda masu wasan bidiyo ke kira jini: duk saran da aka yi masa a rage wani abu daga cikinta, in ta kai sifili ya faɗi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a wani zama da ni ne alƙali. Maƙiya sun kora wani mayaƙi har bakin wani tsauni, na ce masa tsawon gangaren ƙafa 60 ne, ƙasa kuma duwatsu ne zalla, ina tsammanin zai juya ya yi faɗa ko ya nemi sulhu. Mai riƙe da jarumin ya duba takardarsa, ya ciji fensir, ya tambaye ni ko har yanzu dokar tana nan yadda take, ƙwaya ɗaya mai fuska shida a kan kowace ƙafa 10. Na ce tana nan. Ya ce to ƙwaya shida ke nan, ko duka sun fito shida-shida maki 36 ne, shi kuwa yana da 52, saboda haka ya dira. Aka jefa ƙwayoyi, suka ba da 19. Jarumin ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ci gaba da gudu kamar wanda ya tsallake kwata. Ɗaya daga cikin abokan zaman, wanda aikinsa na yau da kullum a ɗakin karɓar masu haɗari yake, ya ajiye fensirinsa ya ce shi dai wannan ya fi ƙarfin hankalinsa, domin a sanin da ya yi, kusan rabin waɗanda suka faɗo daga hawa na huɗu na bene ba sa tashi. Gardamar da ta biyo baya ta cinye sauran daren.

Gaskiya tana wajen abokin nan, kuma lissafin ya fi abin da ya gani muni. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 2014, raunin faɗuwa ba ya wuce ƙwaya 20 komai nisan wurin da aka faɗo, matsakaicin abin da ƙwayoyin 20 ke bayarwa kuwa 70 ne. Mayaƙi mai ƙoshin lafiya da ya kai mataki na goma a matakan ƙwarewar da jarumi ke hawa a wasan yakan tara maki 84 ko kusa da haka, don haka yana iya faɗowa daga cikin gajimare ya tashi da ƙafarsa. Talakan ƙauye a wannan littafin maki 4 gare shi, sara ɗaya na takobi ya gama da shi. Wato jarumin ya ninka shi sau ashirin, alhali dukansu fata da nama da ƙashi ne.

Sai dai kafin a yanke wa dokar hukunci, ya kamata a san inda aka samo ta. Wasannin nan 'ya'yan wasannin yaƙi ne, irin waɗanda ake jera gumakan sojoji ƙanana a kan tebur, kuma a can soja guda ba shi da wata daraja: a jefa ƙwaya, in ta same shi a ɗauke shi. A dokokin Chainmail na 1971, waɗanda Gygax ya rubuta tare da Jeff Perren, gwarzo daidai yake da mutum huɗu, sai an same shi sau huɗu a lokaci guda zai mutu. Da Arneson ya fara ba kowane ɗan wasa jarumi guda a Minnesota, sai ya tarar mutane sun shaƙu da jarumansu, ba wanda ke son jifa ɗaya ta raba shi da abin da ya yi makonni yana raino. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa daga dokokin wasan yaƙin jiragen ruwa masu sulken ƙarfe ya aro dabarar. Jirgin ruwa kuwa haka yake, a yi ta huda shi yana tafiya har ruwa ya ci shi. Ashe ma'aunin jirgi aka ɗora wa ɗan Adam, kuma an yi hakan ne don kada ɗan wasa ya koma gida tun farkon dare.

Gygax ya san da wannan suka, ya kuma amsa ta a littafin alƙalai da ya fitar a 1979. Bayaninsa shi ne, kaɗan ne daga cikin makin babban jarumi ke nufin ƙarfin jiki, sauran duk ƙwarewa ce da sa'a da iya kauce wa sara da kariyar da labarin ke ba gwarzo. A bisa wannan, in aka cire wa mayaƙi maki 8 daga cikin 80, takobin bai shiga jikinsa ba, ya goce ne ya bar ƙwarzane da haki, sara na ƙarshe shi kaɗai ne na gaske. Bayanin yana da daɗin ji, musamman da yake a dokokin wancan lokaci zagaye ɗaya na faɗa minti guda ne cur, cike da kai hari da karewa waɗanda ba a jefa musu ƙwaya. Amma da zarar an fita daga filin takobi sai ya fara yoyo. Wace ƙwarewa ce ke rage zafin duwatsu ga wanda ya faɗo a kansu? In kibiya mai dafi ta rage maki 3 kacal, ta taɓa jiki ko ba ta taɓa ba, tunda ana tilasta wa jarumin ya yi jifar tsira daga dafin? Batun jinya ya fi kowanne tona asiri. A tsohuwar dokar maki ɗaya ake mayarwa a kowace ranar hutu, saboda haka manomin da aka sara har saura maki ɗaya ya rage masa zai warke sarai cikin kwana uku, babban mayaƙin da ya rasa rabin makinsa, wanda aka ce mana sa'arsa ce kawai ta ragu, sai ya yi makonni a kwance. Ni ban taɓa jin inda ake jinyar sa'a a kan gado ba.

Saboda irin wannan ne tun da wuri wasu suka tashi neman gyara. Wasan Traveller na 1977 ya ce rauni ya riƙa cin ƙarfin jarumi da zafin namansa da juriyarsa kai tsaye. RuneQuest na 1978, wanda Steve Perrin ya jagoranci rubuta shi, mutumin da ya sha sanya sulke yana gwabzawa da takubban sanda a ƙungiyar masu raya al'adun zamanin da, ya raba jiki gida-gida: kai da ƙirji da ciki da hannaye da ƙafafu, kowanne da nasa makin, sulke kuma yana shanye wani ɓangare na saran maimakon ya sa a yi kuskure. A can jarumi ba ya ƙara kauri don ya daɗe yana yaƙi, iya karewa kawai yake ƙarawa. Rolemaster ya zo da jadawalai shafi-shafi masu bayyana kowane mummunan sara, daga karyewar haƙarƙari zuwa tsinkewar jijiya. Phoenix Command na 1986 ya kai abin maƙura, har yana lissafin inda harsashi ya bi a cikin jiki. Na taɓa gwada ɗaya daga cikin irin waɗannan dokoki masu jadawali, muka shafe kusan awa ɗaya a kan artabun da a cikin labarin bai kai rabin minti ba, kafin a gama wani ya yi gyangyaɗi har fensir ya faɗi daga hannunsa.

Ba na raina ƙoƙarinsu, domin akwai abin da suka kama. A 1361 sojojin sarkin Denmak, Valdemar na Huɗu, sun karkashe manoman tsibirin Gotland a bakin ganuwar Visby, aka zuba gawarwakin a ramuka, da yawa da sulkensu a jiki. Da aka tono ƙasusuwa fiye da dubu a farkon ƙarni na 20, sai aka ga sara mai yawan gaske a ƙwauri ya sauka, wato ƙasan garkuwa, inda sulke bai kai ba. Mayaƙin gaske ba ya saran mutum a dunƙule, wurin da ya buɗe yake nema, kuma wanda aka datse wa ƙwauri ya gama yaƙi ko da sauran jikinsa lafiya lau. Dokar da ta san ƙafa daban kai daban ta fi kusa da wannan fiye da lamba guda da ake ragewa.

Inda na rabu da masu neman a kwaikwayi zahiri shi ne zaton da suke yi cewa rauni abu ne mai tsari, wanda in an ƙara jadawali za a kama shi. Tarihi bai nuna haka ba. A watan Satumba na 1898 wani mutum ya soki sarauniyar Ostiriya, Elizabet, da wani siririn ƙarfe mai tsini a bakin tafkin Janeba. Ta faɗi, aka tashe ta, ta yi zaton naushi ne, ta taka da ƙafarta har cikin jirgin ruwan da za ta hau, sai can ta yanke jiki ta faɗi, ashe ƙarfen ya huda zuciya. A 1912 an harbi tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt a ƙirji a Milwaukee, gidan tabaransa da takardun jawabinsa da ya ninke a aljihu suka rage ƙarfin harsashin, ya hau mumbari ya yi jawabi na fiye da awa ɗaya da jini a rigarsa, harsashin kuma yana jikinsa har ya bar duniya. A artabun da jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi da wasu 'yan fashi biyu a Miami a 1986, ɗaya daga cikin 'yan fashin ya sami raunin da ba a rayuwa da shi tun farkon musayar wuta, amma ya ci gaba da harbi na wasu mintuna har ya kashe jami'ai biyu, aka ƙirga harbi 12 a gawarsa. Duk wanda ya kawo irin wannan a tebur, masu jadawali za su ce ya zuba ƙarya, alhali makin ran da suke zagi ya fi nasu dokokin iya kwatanta shi: mutum yana faɗa da cikakken ƙarfinsa har zuwa lokacin da zai zube.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda kusan babu wasan da ke son taɓawa. Sarkin Ingila Richard na Ɗaya, wanda ya sha yaƙe-yaƙe ya fita lafiya, kibiya ce ta same shi a kafaɗa a 1199 yana kewaye da wani ƙaramin gidan sarauta a Faransa, wurin ya ruɓe, bai cika mako biyu ba ya rasu. Shugaban Amurka James Garfield an harbe shi ranar 2 ga Yuli 1881, harsashin bai kashe shi ba, likitoci suka yi ta tura yatsu da ƙarafa marasa tsabta a cikin raunin suna nemansa, ya yi ta fama da ƙwayoyin cuta har 19 ga Satumba. A yaƙin basasar Amurka kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da suka mutu cuta ce ta kashe su. In da gaske zahiri ake nema, to ya kamata jarumi ya ci nasara a fagen daga ranar Litinin, zazzaɓi ya rufe shi ranar Alhamis, a binne shi mako na sama. Na sha tambayar masu kukan rashin gaskiyar makin rai ko wannan suke so, har yau ban sami wanda ya amsa da e ba. Abin da suke so shi ne sara ya yi zafi a zuciyar ɗan wasa, wannan kuma buƙata ce ta labari.

Akwai wani lissafi da masu son dokoki masu kisa ke mantawa. Dodon da aka tara da shi faɗa ɗaya zai yi a rayuwarsa, jarumin ɗan wasa kuwa zai yi ɗari. A ƙaddara cewa a kowane faɗa akwai yiwuwar ɗaya cikin hamsin ta rasa hannu ko ido. Kafin a yi faɗa 35, rabin jaruman sun nakasa. Dokar da ake gani adalci ce tsakanin ɓangarori biyu, a ƙarshe kan masu wasa take ƙarewa. Haka ma dokar da ke rage ƙwarewar jarumi duk lokacin da ya ji ciwo, irin ta wasan Vampire na 1991 da makamantansa: wanda aka fara sara ya yi rauni, rauninsa ya sa a sake saransa, sai gangara. Sau da yawa jifar farko ce ke yanke hukunci, sauran zagayen jana'iza ce ake ja. Makin rai kuwa, duk da wautarsa, yana yi wa ɗan wasa wani alheri guda, yana ba shi gargaɗi. Yana ganin 52 ta koma 30, ta koma 11, kuma a kowane mataki yana da zaɓi, ya ja da baya, ya sha magani, ya kare abokinsa, ko ya yi kasada. Wannan zaɓin shi ne wasan. In jarumi ya mutu bayan ya ga lambar tana raguwa ya ƙi gudu, mai shi ba ya zargin kowa, amma in jifa ɗaya ta ɗauke shi yana tsaka da magana, alƙali yake harara.

Saboda haka a ganina aibin ba a cikin faɗa yake ba, yana bayan faɗa. A bugu na biyar, jarumin da aka sara har ya suma, ya jefa ƙwayar da ke yanke ko zai mutu ko zai rayu, ya sha da ƙyar, in ya yi barcin awa takwas zai tashi da makinsa cif, babu tabo, babu ɗingishi, babu ko ciwon kai. Idan abokinsa ya mayar masa da maki ɗaya tak a tsakiyar faɗa, zai miƙe ya kai sara da ƙarfin da ya zo da shi da safe. Wannan ne ke sa 'yan wasa su daina tsoron komai, shi ne kuma ya sa mutumina ya dira daga tsauni yana murmushi. Rauni na gaske yana da wutsiya. Ƙashin da ya karye yana neman mako shida ko fiye kafin ya haɗe, babban mutum jininsa bai wuce lita biyar ba, wanda ya zubar da biyu yana bakin kabari, in ya tsira ma zai yi makonni jiri na ɗibarsa. Wasu wasannin sun gane haka ba tare da sun tara jadawali ba. Wasan Star Wars na 2000 ya raba lambar biyu, ɗaya ta gajiya da sa'a mai saurin dawowa, ɗaya ta nama da jini mai wuyar cikawa. Blades in the Dark na 2017 ya sa a rubuta raunin da kalmomi a takarda, karyayyen hannu ko sukar wuƙa a ciki, ya zauna nan yana hana jarumi sakat har sai ya nemi mai magani.

Abin da nake yi a teburina yanzu ba shi da yawa. Muddin jarumi yana da maki, ina bayyana saran a matsayin gocewa da ƙwarzane da numfashi sama-sama, kamar yadda Gygax ya so. Ranar da ya kai sifili kuwa, ko da an tashe shi, sai mun rubuta masa rauni mai suna, ni da mai shi mu daidaita a kan wanda ya dace da abin da ya faru, kuma barcin dare ɗaya ba ya goge shi. Abubuwan da ƙwarewa ba ta da ta cewa a cikinsu, kamar faɗowa daga nesa, ko wuƙa a maƙogwaron wanda aka ɗaure, ko dutsen da ya danne mutum, ba na barin su bi ta kan maki kwata-kwata; ina faɗa wa ɗan wasa tun kafin ya yanke shawara cewa nan jifar rai da mutuwa ce, in ya ga dama ya shiga. Sharaɗin shi ne a faɗa tun da wuri, domin alƙalin da ya canza doka bayan an dira ya ci amana.

Abokina na ɗakin haɗari bai gamsu gaba ɗaya ba, kuma ina ganin yana da hujja a wuri ɗaya. Ya ce ba kowane labari ne na gwaraza ba. Haka ne. A Call of Cthulhu na 1981, inda jaruman malamai ne da 'yan jarida masu binciken abin tsoro, makin mutum bai cika wuce goma sha ba kuma ba ya ƙaruwa, harbi ɗaya ko biyu ya isa, domin labarin yana buƙatar kowa ya ji gabansa na faɗuwa in an zaro bindiga. Wanda ya ɗora wa irin wannan labari maki 80 ya kashe shi, kamar yadda wanda ya sa mai yaƙar dodanni ya mutu da ruɓewar ƙwarzane ya kashe nasa. Wasan GURPS ma, wanda zagayensa daƙiƙa ɗaya ce kuma yake ƙoƙarin bin zahiri, sai da ya tanadi dokoki na daban ga masu son faɗa irin na fim.

A zaman da ya biyo baya, mayaƙin nan ya sake samun kansa a bakin wani rami, wannan karon zurfinsa ƙafa 40. Mai shi ya duba takarda kamar yadda ya saba, na gaya masa sabuwar dokar, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambayi sauran ko akwai mai igiya. Babu. Ya dira duk da haka, domin yaron da suke nema yana ƙasa yana kuka, jifar ta zo masa da sauƙi, ya tsira da karayar idon sawu. Zama huɗu ya yi yana dogara mashinsa, sauran suna rage tafiya saboda shi, har suka rasa wata dama da suka daɗe suna jira, kuma abokina na asibiti da kansa ya riƙa tuna mana wace ƙafa ce in mun manta.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Naka,
Wani mai karatu, kuma alƙalin wasa